Shekarar da Aka Raɗa wa Kwazazzabo Sunana

Kun saba jin ana ce wa ramin da ke bayan makabarta Kwazazzabon Ɗahiru, kuma na san wasunku, musamman jikokin da ke birni, suna ɗauka karramawa ce, irin yadda ake sa wa titi sunan babban mutum. Na daɗe ban gyara muku ba, don ba kullum tsoho ke samun kyakkyawan zato a ɓagas ba. Amma ido ya fara gajiya, hannu ya fara rawa, gara in rubuta muku yadda aka yi kafin yayata, Gwaggonku Ladi, ta ba ku nata labarin, wanda ba zai bar mini ko hular rufe sanƙo ba. Shekara goma sha huɗu ramin nan yana amsa sunan ƙanena, Baffanku Sule. A damina ɗaya ya dawo nawa, kuma 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ne suka yi masa wannan sabon raɗin suna, ba rago ba goro.

Sai kun san matsayina a garin nan a lokacin za ku gane girman faɗuwar. Ni ne ɗan bokon zuriyarmu. Na yi firamare har aji bakwai, saura wata uku in gama mahaifinmu ya ce auduga ta fi alli bukatata. Da wannan guntun ilimi na yi mulki shekara da shekaru. Ni nake karanta wa mutane rubutun jikin buhun taki, ni nake karanta wasiƙa, ni ake kira in an yi rigimar iyakar gona. Idan na ce, “Haka yake a littafi,” magana ta ƙare, ba wanda ya taɓa tambayata wane littafi.

Mahaifinmu ya bar mana gona a gangaren gabas da gari. Ta sama ta zo hannuna, ta ƙasa ta Sule, makabarta kuma tana gefen ta Sule. Tsohon nan a gicciye yake huɗa, kunya tana tare gangare, sannan a ƙarshen gonar sama ya bar layin gamba mai faɗin taku uku, ba ya nomewa, ba ya bari a taɓa saiwarta. Mun taɓa tambayarsa amfaninta, sai ya ce:

“Mazagin gonar ke nan. Ranar da kuka zare, ku kuka da kanku in wando ya faɗi.”

Muka yi dariya, muka manta. Bayan rasuwarsa na sayo bijimai biyu a kasuwar Bakori, da garma. Nan na ga huɗar gicciye tana ɓata mini lokaci: kunya gajera, taku kaɗan sai juyi, shanu su gaji, ni in gaji. Idan kuwa na miƙe daga sama zuwa ƙasa, layi ɗaya ɗoɗar, kafin hantsi na gama. Sai na juya kunyoyin duka suka kalli gangare, na tumɓuke gambar na ƙara wurin masara, na dasa shingen cin-da-zugu a iyakata da Sule. Na tsaya na kalli aikina, na ce ilimi dai ilimi ne. Damina ta biyu ƙasa ta tsage a tsakiyar gonar Sule. Da fari akuya na tsallakewa, daga baya sai da ta iya haɗiye jaki da kayansa. An yi rashin sa'a, ko in ce na yi sa'a, a shekarar ne Sule ya sare wata tsohuwar ɗorawa. Da aka taru a ƙofar masallaci ana jajanta masa, na gyara murya na ce wanda ya sare bishiya ya cire wa ƙasa mai riƙe ta, haka yake a littafi. A lokacin ni ma na yarda da maganata. Sai bayan mako biyu, ruwa ya tare ni a gona, na ga da idona yadda kowane kwarin kunya ya zama ƙorama, duka suka haɗu a kusurwa ɗaya, suka kurɗa ta ƙarƙashin shingena suka faɗa gonar Sule kamar an buɗe bakin tulu. Me na yi? Na saro ƙaya na toshe wurin. Ba ruwa na tare ba, idon mutane na tare.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka ana yin gayya, a cika buhuna da yashi a jera a gonar Sule, ni ne ma mai nuna inda za a sa. Duk shekara ruwa ya kwashe su. Sule ba ya cewa komai, sai dai ya dafa wa 'yan gayya shayi, ya sha tsokana. Har yara suka saba, in ƙwallo ta faɗa, a ce ta faɗa Kwazazzabon Sule.

Da Innarku ta rasu, a gefen makabarta na wajen ramin aka samu wuri. Bayan kwana uku na koma ni kaɗai na auna da ƙafata: taku arba'in daga kabarinta zuwa bakin gaɓa. Daga ranar na samu sabon aiki. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, in ɗauki sandata in ce zan duba yabanya, in je in ƙirga. Talatin da huɗu. Ashirin da bakwai. Gaɓar ba ta tafiya kullum, sai ta yi shiru kamar ta tuba, rana ɗaya kuma ta zaftare da faɗin tabarma. Shekarar da nake ba ku labari, da ruwan farko, taku goma sha tara na samu. Na sake ƙirgawa da gajeren taku, irin na mai ciwon ƙugu, don in samu ashirin da biyu in kwantar da hankalina. Zuciyata ba ta karɓi wannan lissafin ba.

A shekarar ne aka turo autata Zulai koyar da kimiyya a ƙaramar sakandaren garinmu. Ina kiranta Malama, rabi tsokana rabi alfahari. Wata la'asar na dawo gida na tarar ta mayar da tsakar gida ɗakin gwaji. Ta raba tsohuwar jarka biyu, ta cika kowane ɓari da ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya ta yanko ciyawa da saiwarta ta shimfiɗa, ta jingina su a bulo, ta tara kofin gilashi a ƙasan kowanne. Gwaggonku Ladi tana zaune tana tsince wake tana mita.

“Wai karatun ke nan da aka kashe shekaru ana yi? Wasan ƙasa? Ai wannan tun kina rarrafe kin iya.”

“Gwaggo, zaizayar ƙasa zan koya musu. In na faɗa da baki kawai, gobe sun manta.”

Ta ɗauki butata ta alwala ta tsiyaya. Kofin wajen ciyawa ya taru kaɗan-kaɗan, kusan garau. Ɗayan ya cika nan take da ruwa ja kamar kunun kanwa. Sai ta share ƙasar, ta sa yatsa ta ja layuka, a ɓari ɗaya a gicciye, a ɗayan daga sama zuwa ƙasa. Wallahi yatsan nan da take ja, a bayana nake jin sa. Ta zuba ruwa. Na kalli gonata tana narkewa a cikin rabin jarka, a tsakar gidana, da butata.

“Baba, ka ga? Ranar Laraba zan fita da su. Za mu fara daga ƙasan kwazazzabon Baffa, mu bi sawun ruwan har inda ya taso. In ba a san kan ciwo ba, ba a san inda za a sa magani ba. Kabarin Inna fa ya kusa.”

Ashe ita ma tana ƙirgawa. Na ce mata akwai macizai. Ta ce da rana za su je, da takalma. Na ce iyayen yara ba za su yarda a kai su kusa da makabarta ba. Ta ce shugaban makaranta ya riga ya aika, sun yarda. Na ce tsofaffi na cewa wurin ba ya rasa mutanen ɓoye. Nan Ladi ta ɗago kai daga farantin wake.

“Ɗahiru, yaushe ka fara tsoron aljanu? Kai da ka ce babu su a littafi?”

Kwana huɗu tuwo ba ya wuce mini. In ɗauki loma in ajiye. Na yi tunanin in je in juya kunyoyin kafin Laraba, amma masara ta kai ƙugu, ba a juya huɗa da shuka a kai. Na yi addu'ar a wayi gari da ruwa ranar, sai na tuna kowane ruwa taku nawa yake ci, na janye addu'ar. A ƙarshe na samo dabara irin ta masana. Darasin nata kashi biyu ne: yadda dutse ke ruɓewa ya zama ƙasa, da yadda ruwa ke kwashe ƙasar. Na ce mata kashi na farko ni zan koyar, a kan fa, shimfiɗaɗɗen dutsen nan da mata ke shanya barkono, tunda hanya ɗaya ce. Ta yi murna har ta ba ni kunya. Niyyata in riƙe su a kan dutse har a buga ƙararrawar tashi.

Daren Talata aka yi ruwa mai ƙarfi. Da safe na samu taku goma sha ɗaya. Wani ɓangare guda ya rufta, har saiwar dogon yaron da ke inuwar kabarin ta fito waje tana lilo. Da wannan a cikina na sa babbar riga na je na tarbi yara wajen hamsin, maza da mata, da littattafansu.

Ba yabon kai ba, darasin da na yi a kan fan nan ko a jami'a sai a tafa. Na sa su taɓa dutsen su ji zafinsa, na ce su tuna sanyinsa da asuba. Abin da ke kumbura da rana ya tsuke da dare, shekara dubu, dole fatarsa ta gaji. Na ɓamɓaro wani ɓawo mai faɗi kamar na albasa na ba su. Na tuna musu yadda masu fasa dutse ke hura wuta a kai su watsa ruwa ya tsage, na ce abin da suke yi a yini ɗaya shi rana da raɓa ke yi a hankali. Na nuna musu ɗan ceɗiya da ya tsiro a tsaga, saiwarsa tana buɗa dutse kamar mai buɗa bakin jaki. Na debo tsakuwar gindin fan, na murza, ta koma gari a tafina.

“Kakannin kakanninku ba su ga farkon wannan tafin ƙasar ba,” na ce. “Dutse ba ya gaggawar haihuwa.”

Da na ga darasi zai ƙare, na shiga tarihin barkono. Na shiga na masu fasa dutse da asalinsu. Ina shirin shiga na ceɗiya, Zulai ta duba agogo ta ce:

“Mun gode, Baba. Yara, ku tafa wa Malam. Saura rabin darasi.”

Muka gangara cikin ramin ta ƙasa, inda ba zurfi. Ni ina can baya. Zulai tana nuna musu inda ruwa ya ci gindin gaɓa ya bar sama a rataye. Akwai wata yarinya, Nafisa, daga wajen Dayi take zuwa, siririya mai baki kamar reza, ba ta san gonar kowa ba a garinmu. Ita ce ta tsuguna ta debo laka a ƙasan ramin, ta debo wata a jikin gaɓa, ta haɗa tafukanta biyu.

“Malama, ƙasar gonar nan fara ce. Wannan ta ƙasan ramin kuma ja ce. Daga ina ja ta zo?”

“Tambaya mai kyau. Ku bi ta ku gani.”

Suka bi ta kamar kaji sun ga tsaba. Jan layin ya hau da su har kan ramin, ya wuce kututturen ɗorawar Sule ko kallonsa bai yi ba, ya kai su gindin shingena. Ruwan jiya ya tafi da ƙayar da na toshe wurin. Ƙofa ce a buɗe, yaro na shiga a tsugune. Suka kurɗa ɗaya bayan ɗaya, ni na zagaya ta hanya kamar baƙo. Na same su tsaye suna kallon gonar. Jar ƙasa, kunyoyi ɗoɗar daga sama zuwa ƙasa, kowane kwari ya wanke har tsakuwa, duka sun nufi kusurwa ɗaya.

“Lah! Irin jarka ta biyu da Malama ta nuna mana a aji!” in ji wani yaro.

“Malama, gonar wane ne wannan?” Nafisa ta tambaya. “Shi ba a koya masa ba?”

'Yan garinmu da ke cikinsu suka sunkuyar da kai, sun sani. Na kalli Zulai. Fuskarta ta canza, ta dubi kunyoyin, ta dube ni, ta dubi wajen makabarta. A nan na gane ba tarko ta ɗana mini ba, yanzu take gani. Sai 'yar nan tawa ta yi abin da ɗiyar kirki ke yi, ta rufe littafinta.

“Lokaci ya ƙure. Ku jeru, mu koma makaranta.”

Ƙofa ta buɗe mini, faɗinta ya ishi raƙumi. Da na yi shiru, da yara sun tafi, da 'yan garinmu sun haɗiye don kunyata, da an sake jera buhuna a gonar Sule. Kuma da marka ta zo ta sami taku goma sha ɗaya. Abin da ya hana ni bin ƙofar ke nan. Ba tsoron Allah ne ya fara zuwa ba, kada in yi muku ƙarya a rubuce, lissafi ne: ruwan dare ɗaya ya ci abin da ya ci, saura ruwa nawa a sama? Na hango Innarku a raina, wadda ko gyalenta ba ta yarda iska ta ɗaga a gaban mutane ba, ruwa yana tone ta.

“Ku tsaya,” na ce. Muryar ta fito kamar ta ɗan akuya. “Ke 'yar Dayi, gonar tawa ce. An koya mini, ubana ya koya mini, ni ne na ga na fi shi. Ƙasar nan da na ce muku dutse ya yi shekara dubu yana haihuwa, ni na aurar da ita ga ruwa don kada shanuna su sha wahalar juyi. Ku rubuta. Wannan kam yana cikin littafi.”

Suka rubuta kuwa, marasa kunya. Har wani ya tambaye ni yadda ake rubuta sunana.

Kafin azahar labari ya riga ni isa gida. Ladi ta ajiye mini abinci ba ta ce uffan ba, wanda a wurinta ya fi zagi ciwo. Zulai ta shigo ta durƙusa tana hawaye, wai in yafe mata. Na ce ta tashi, malami ba ya ba da haƙuri don ɗalibi ya ci jarrabawa. Bayan la'asar na je na faɗa wa mai unguwa da bakina, a ƙofar masallacin da na ɗora wa ɗorawa laifi.

Gayyar da ta biyo baya a gonata aka yi ta. Ba a jira kaka ba, ba lokaci. Da hannuna na sare kashi ɗaya cikin uku na masarata, tana gab da goyo, kore shar, aka zuba wa shanu. Duk wanda ya taɓa noma ya san abin da nake nufi, wanda bai taɓa ba ko na bayyana ba zai ji ba. Aka haƙa ramuka a gicciye, aka jera duwatsu layi-layi, aka datse kwarin kunyoyin da suka rage, aka dasa gamba da jema a inda tsoho ya bar tasa. 'Yan ajin Zulai suka zo ranar Asabar da saiwoyi a buhu, Nafisa tana ba manya umarni. Wani daga cikin 'yan gayya ya ɗaga murya ya ce a miƙo masa dutse ta wajen Kwazazzabon Ɗahiru. Aka yi dariya, sunan ya zauna. Tun daga ranar ba a sake kirana rabon iyakar gona ba. Buhun taki ma yara ke karanta musu.

Sule na gefena yana dasa gamba. Da muka keɓe na ce masa:

“Sule, na ɗora maka kaya shekara goma sha huɗu. Ban san da wane baki zan...”

“Yaya, miƙo saiwar nan.” Ya karɓa ya danna da diddige. “Ka manta wa ka ba gambar da ka tumɓuke? Da ita na saƙa zanar da na kewaye gidana. Tun ina saƙawa nake tuna maganar mazagi.”

“Ka sani? Me ya hana ka faɗa?”

“In tsinka yayana a ƙofar masallaci? Na ce zai faɗa da kansa. Ban dai zaci sai ka tara shaidu hamsin ba.”

Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Shirunsa da nawa, su biyun suka ci taku ashirin da tara, na gaya masa haka, ya ce gaskiya ne, amma nawa ya fi girma tunda ni ne babba.

Marka ta zo a shekarar kamar da gayya. Kwana da kwanaki sama ba ta buɗe ba. Duk safiya ni da Zulai muke fita, ba ɓoye-ɓoye yanzu, ita da igiyar awo, ni da ƙafata, muna gardamar wanda ya fi daidai. Goma. Tara. Gambar ba ta kama ba tukuna, duwatsu ne kaɗai ke aiki. Wata safiya muka tarar dogon yaron nan ya tafi gaba ɗaya, ya kwanta a cikin ramin da saiwarsa a sama. Zulai ta riƙe hannun rigata kamar tana shekara biyar. Na ƙirga. Bakwai. Washegari bakwai. Aka yi wani ruwan, muka je da gudu, ruwan da ke fita ta ƙarƙashin shinge ya ragu, kuma ba ja ba ne. Bakwai. Aka yi kaka a bakwai.

Yau shekara shida, yana nan a bakwai, in an yi awo da ƙafar mai gaskiya. Ban ce ya mutu ba, rami ba ya mutuwa, barci yake yi. Shi ya sa nake rubuta wannan. Duk wanda gonar sama ta faɗo hannunsa a cikinku, zai ga layin ciyawa mai faɗin taku uku yana cin wuri a banza, wani mai ilimi kuma zai zo ya ce masa a nome. Ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi hanya. Zulai har yanzu duk damina tana kawo sabon aji, ni nake yin kashin dutse, sannan in kai su gonar da ƙafata in nuna musu mai laifin, kada su wahala da nema.

Na kuma riga na gaya wa Sule da mai unguwa inda za a haƙa mini in lokaci ya yi: tsakanin Innarku da bakin gaɓa. Taku bakwai ya ishi mutum ɗaya kwanciya, har da ragi. In ramin ya farka wata rana, sunana yake amsawa, sai ya fara da ni.